Abin da Walta Ya Hana Ni Rubutawa

Sai da na shekara biyu a Riyad kafin wani ya miƙo mini sifana, shi ɗin ma ba Balarabe ba ne, ba kuma ɗan garinmu ba. Ni da na tashi a Kakuri, ubana makanikin masaƙa, ni ma na yi shekara tara ina gyaran inji kafin a rufe ƙofa a bar mu muna kallon juna, sai ga shi a jikin iƙamata, wato katin zama, an rubuta mai lodi. Kwali nake ɗauka a wani sito a unguwar Sulai daga safe har la'asar, kamar ban taɓa shiga makarantar koyon sana'a ba.

Wanda ya kawo ni shi ne Alhaji Mamuda. A hannun babana ya koyi aiki a masaƙa, shi ya sa nake ce masa Baba. Ya kusa shekara ashirin a Saudiyya. Ya iya Larabci, ya iya Turanci, ya kuma iya abin da ya fi su amfani, wato tsayawa a bakin ƙofar mai gida. Mai kamfanin, Abu Fahad, ba ya jin Turanci kuma ba ya yawan zuwa, don haka duk maganar da za ta hau sama sai ta bi ta bakin Baba Mamuda. Duk ranar da na yi masa zancen sana'ata, amsar ɗaya ce.

"Yi haƙuri, Isiyaku. Nan ba Kaduna ba ce. Ina sane da kai."

Ni kuwa sakarai sai in yi godiya har da rusunawa.

A shekara ta uku Abu Fahad ya ce ya gaji da ajiye kayan mutane, zai mai da siton masana'antar ƙusa. Aka sanar cewa za a rage masu lodi, duk wanda iƙamarsa ta ƙare ba za a sabunta masa ba, sai dai a buga masa fita ta ƙarshe. Tawa saura wata biyar. A gida akwai mahaifiyata, da matata, da 'ya'ya huɗu, kuma Kakurin da zan koma babu abin da ya rage a cikinta sai dogayen katangu da ciyawa.

Injinan ba sababbi ba ne. Guda shida ne, tsofaffin wata masana'anta da ta mutu a Amurka, aka kwance su aka cuso a kwantena. Tare da su aka turo wani tsoho dogo, rana ta mai da fuskarsa ja jawur, sunansa Walta. Shi zai harhaɗa su, domin a kansu ya yi rayuwarsa. Sunan garinsu ya fi ƙarfin harshena, na dai san a jihar Ohayo yake, a ɗakinmu kuwa garin Walta muke ce masa.

Aikina a ranar shi ne in warware tsofaffin jaridun da aka nannaɗe ƙarafan da su. Na ɗan leƙa ɗaya. Shafin sanarwar mutuwa ya cika maƙil, shafin neman ma'aikata kuwa ɗan tsiri ne a gefe, rabinsa masu neman mai jinyar tsofaffi ne. Na ajiye, na ci gaba da jera notuna a kan kwali, kowane inji da nasa, manya a hagu, ƙanana a dama, yadda babana ya koya mini da ranƙwashi. Sai na ji inuwa a kaina.

"Wa ya koya maka wannan?" in ji Walta.

"Babana."

Ya ciro sifana daga aljihun baya ya miƙo mini. Daga ranar ban ƙara ɗaukar kwali ba har ya tafi, duk da Baba Mamuda yana ta tuna masa cewa ni mai lodi ne kawai.

A inuwar kwantena muke cin abincin rana, ni da shi da wani ɗan Bangaladash mai suna Shafiƙ, wanda ya raba shayinsa da ni tun makona na farko, lokacin da ko sunana bai sani ba. Walta a unguwar Malaz aka sauke shi, shi kaɗai a gida, ba mai ce masa sannu. Na taɓa barbaɗa masa yajin gida a kan kabsa, shinkafar Larabawa, ya yi tari har hawaye, washegari kuma ya ce a ƙara. Wata rana zafi ya kayar da shi a gindin inji, ni da Shafiƙ muka kai shi asibiti a Shumaisi, na zauna a gefensa har ruwan da aka ɗaura masa ya ƙare. Tun daga nan bakinsa ya buɗe.

Ya ce kogi ne ya haifi garinsu. Da farko injin niƙa ne da ruwa ke juyawa, sai jirgin ƙasa ya iso, sai aka fara jan waya, daga nan duk abin da ake yi da ƙarfe sai da aka yi shi a can: ƙusa, noti, sarƙa, kayan mota. Mutane suka yi ta kwararowa daga Folan da Italiya da Labanan, da baƙaƙen fata da suka gudo daga gonakin auduga na kudu. Kowa da unguwarsa, da cocinsa, da mai burodinsa. Ya buɗe murfin inji na uku, wanda ya fi duka girma da tsufa, ya nuna mini sunaye da aka kankare da tsinin ƙusa a ciki.

"Wannan kakata ce," in ji shi. "Lokacin babban yaƙi maza sun tafi, mata suka riƙe injinan. Wannan kuma shi ya koya mini aiki, ubansa bai taɓa sa takalmi ba sai da ya zo garinmu. In aka tashi daga aiki, Aizik, ba ka isa ka tsallake gada ba saboda mutane."

Aizik yake ce mini. Na gyara masa har na gaji.

Sai jikokin masu masana'antun suka sayar wa mutanen da ko kogin ba su taɓa gani ba. Ƙusa mai araha ta fara shigowa daga ƙetare. Aka rufe ɗaya, aka rufe ta biyu. Ƙananan maƙerun da ke yi wa injinan kayan gyara suka bi, masu abinci suka bi, aka haɗe makarantu saboda babu yara. Cocin da aka ɗaura masa aure ya zama ma'ajiyar darduma. 'Ya'yansa uku ba wanda ya zauna. Ya ce a layin da ya tashi, barewa kan shigo ta ci ciyawa a tsakar gidajen da ya san masu su. Yanzu asibiti ne ya fi kowa ɗaukar ma'aikata, sai manyan sitoci inda jikokin makanikai ke ɗaukar kwali. Baƙi kuma da yaƙi ya koro daga ƙasashensu su ne ke sayen kangwayen suna gyarawa, ya ce ba don su ba da layin ya gama mutuwa.

Na ba shi labarin Kakuri, da jiniyar safe, da kekunan da ke cika titi har mota ta rasa hanya. Ya dube ni ya ce, "Ashe garinmu ɗaya."

Duk abin da ya koya mini ina rubutawa a wani littafi mai shuɗin bango: man da ake sa wa kowane inji, da yadda ake saita wuƙar da ke yanka waya, da gudumar da ke buga wa ƙusa kai, da haƙoran da ke riƙe ta. Ana saura mako guda ya tafi, ya ja ni bayan inji na uku, ya dafe littafin da hannu.

"Rufe wannan. Abin da zan gaya maka ba a rubuta shi."

Ya ce lokacin da sababbin masu kamfani suka zo, sun umarci kowane ma'aikaci ya rubuta duk abin da ya sani, wai don inganta aiki. Daga baya aka kawo wasu mutane aka ce a koya musu. Sai a lokacin suka gane injinan za a kwashe zuwa wata ƙasa, su kuma a sallame su. Sai suka haɗa baki. Suka rubuta komai tsaf, amma a kowane inji suka bar abu ɗaya a ka. Injinan da aka kwashe suka yi ta ba da wahala a can, waɗanda suka rage kuma ba wanda ya ƙara marmarinsu, har Abu Fahad ya same su a araha.

"To, hakan ya ceci garin?" na tambaye shi.

"Ko mutum ɗaya bai koma aiki ba," in ji shi. "Amma mun ji sanyi."

Sirrin na uku shi ne, an taɓa yin ambaliya kogin ya shiga masana'anta, gindinsa ya tsage aka yi masa walda. Tun daga nan in ya yi awa guda yana aiki ya ɗau zafi, sai ya ɗan karkace. Akwai wani noti a ɓoye bayan babbar ƙafar da ke juyawa, dole a tsayar da injin a sassauta shi rubu'in juyi. In ba a yi ba, kawunan ƙusa za su fara karkacewa, sai su daina fitowa, sai haƙora su fashe. Haƙoran kuwa saiti ɗaya ne kacal na ajiya, domin maƙerar da ke yin su ta daɗe da rufewa. Ya sa na yi sau uku a gabansa, ido a rufe, ina sauraron sautin.

Ranar da zai tafi Abu Fahad ba ya gari. Walta ya rubuta masa takarda cewa ni ne zan riƙe injinan, a sauya mini sana'a a iƙama. A gabana ya danƙa wa Baba Mamuda ita.

Bayan kwana biyu Baba Mamuda ya same ni a ɗaki, da ledar lemo a hannu, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, ara mini littafin nan, ofis na so a yi kwafi a haɗa da takardarka."

Jikina ya ba ni. Wallahi ya ba ni. Amma yaya zan ce a'a ga mutumin da ya shiga kabarin babana ya karɓi gawarsa? Ko haɗa ido da shi ba na yi. Na ɗauko na miƙa masa da hannu biyu.

Mako bai cika ba aka manna takarda a ƙofar sito. Shugaban injina: Mamuda. Waɗanda za su tafi: mutum bakwai, sunana na huɗu. Na same shi a ofis, littafina a kan teburinsa, ya manna farar takarda a kan sunana.

"Baba, me nake gani haka?"

"Isiyaku, na yi iya ƙoƙarina. Mudir Abu Fahad ya ce ba ya son sabon hannu. Kai yaro ne, za ka samu wani wurin. Ni ina zan je da wannan furfurar?"

"Takardar Walta fa?"

"Wace takarda?"

Na fita na koma kan kwali. Ban taɓa tsanar mutum yadda na tsane shi a ranar ba, kuma ba zan ɓoye ba, tsanar ta yi mini daɗi, don ita ta hana ni kuka a gaban Shafiƙ. Daga ranar kullum sai na gaishe shi da ladabi fiye da da. Na ma wanke masa mota ranar Juma'a. Ina ƙirga kwanakin da suka rage a kunna injinan.

Ranar ta zo. Abu Fahad ya iso da ɗansa da wasu 'yan kwangila biyu masu son doguwar ƙusa, wadda na uku kaɗai ke yi. Mamuda ya sha sabuwar jallabiya da farar hular kwano, littafina a hammata. Ya danna, inji ya ɗauka, ƙusa ta fara zuba a tire. Aka yi ta mashaallah, aka kawo gahawa da dabino. Ni ina gefe ina jera kwalaye, kunnena a kan inji.

Awa guda da 'yan mintuna sautin ya sauya. Ba wanda ya ji sai ni. Na je na kama hannun Shafiƙ, wanda ke kwashe tiren, na ce ya zo ya taya ni a can ƙarshen sito. Shi ba ya cikin rigimar.

Ɗan kwangila ɗaya ya ɗebi ƙusa ya duba, ya nuna wa ɗan'uwansa. Kawunan sun karkace. Mamuda ya buɗe littafi, ya tsayar da inji, ya ƙara ɗaure abin da littafin ya ce a ɗaure, ya sake kunnawa. Sai ga waya tsirara tana zuba, ba kai ko ɗaya. Gumi ya jiƙa jallabiyar. Ya waiwayo yana nemana da ido, ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, yana murmushi don kada Larabawa su gane.

"Isiyaku, zo mana. Don Allah zo ka duba."

"Ni mai lodi ne, Alhaji. Doka ta hana ni taɓa inji."

Ranar na daina ce masa Baba.

"Don darajar mahaifinka."

"Shi ya koya maka aiki ai. Tuna abin da ya koya maka."

Ƙarar da haƙoran suka yi da suka fashe ta sa 'yan kwangilar sun sunkuya. Wani gutsure ya huda tiren daidai inda Shafiƙ ke tsaye ɗazu. Baƙin suka shiga motarsu ko sallama babu. Abu Fahad ya yi ta zuba Larabcin da ban taɓa koya ba, amma na fahimci kowace kalma.

Kwana uku Mamuda yana kwance a ƙarƙashin inji da littafina. Aka kira wani injiniya Bamisire, ya duba, ya ce in aka sa saitin ajiya ba a san dalilin fashewar ba, shi ma zai fashe. A rana ta huɗu ɗan Abu Fahad, wanda ya yi karatu da Turanci, ya kira Walta a waya da kansa. Shafiƙ yana share ofishin, shi ya kawo mini rahoto. Walta ya ce, "Me ya sa kuke tambayata? Ina Aizik? Ba ku karanta takardata ba?"

Aka kira ni. Abu Fahad yana zaune, ɗansa a gefe, Mamuda a tsaye jikin bango, ba hular kwano. An sa shi ya fito da takardar daga aljihun tebur, tana nan ko buɗe ta ba a yi ba. Da guntun Larabcina na yi magana, ban nemi tafinta ba.

"Za ka iya gyara shi?" in ji Abu Fahad.

"Zan iya. Amma a iƙamata an rubuta mai lodi."

"Halas, shi ke nan, gobe za a sauya. An cire sunanka daga masu tafiya."

A nan ya kamata in tsaya. Na samu abin da na zo nema, 'ya'yana za su ci abinci. Abu Fahad ma ya buɗe mini ƙofar, ya nuna Mamuda da haɓa ya ce, "Wannan ya daɗe da ni. In kana so ya zauna a ƙarƙashinka, ya riƙa miƙo maka kayan aiki. Kai za ka faɗa."

Na dubi Mamuda. Na tuna ledar lemon nan.

"Ba zan iya aiki wuri ɗaya da shi ba, mudir."

Aka rubuta sunansa a layi na huɗu. Da yamma na sa saitin ajiya, na kunna na uku, da ya yi awa guda na ce kowa ya fita ya sha iska, na zagaya baya ni kaɗai. Har magariba ƙusa na zuba, kowace da kanta.

Ranar Juma'ar da zai tafi, 'yan gida suka taru a masaukinmu bayan la'asar don sallama: direbobi, da magina, da wasu ɗalibai biyu 'yan Damagaram da ke zuwa mana ziyara. Aka yi addu'a. Mamuda ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi in za a yi tafiya, ana mu yafi juna, ana Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya bar ni a ƙarshe. Ya kama hannuna da nasa biyu.

"Isiyaku, tafiya zan yi, ba lallai mu sake haɗuwa ba. Ka yafe mini."

"Allah ya kiyaye hanya, Alhaji."

Ya ƙara matse hannuna.

"Na cuce ka, na sani. A gaban mutane nake faɗa. Ka yafe mini."

"Allah ya kai ka lafiya."

Ɗaya daga ɗaliban ya matso. "Malam Isiyaku, gafara yake nema fa. Ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Malam."

Direba ya yi hon a waje. Mamuda ya tsaya kaɗan ko zan ƙara wani abu, sannan ya saki hannuna ya ɗauki jakarsa. An yi makonni wasu a masaukin ba sa amsa gaisuwata da kyau, ban kuma damu ba.

Gidansa a Kakuri gida uku ne tsakaninsa da namu, don haka labarin ya riga shi isa. Bayan wata biyu na kira mahaifiyata, muka gaisa, ta ce 'ya'ya lafiya, an gyara rufin ɗakinta.

"Kullum ina ganin Mamuda zaune a ƙofar gida," in ji ta. "Ya rame. An ce ka hana shi yafiya."

"Haka ne, Inna."

"Shi fa ya sa ubanka a kabari."

"Ban manta ba."

"To yaushe za ka yafe masa?"

"Ban sa rana ba tukuna, Inna."